Allon yana nuna inda jirgi ya baro: sharhi kan makarar bayanai a na'urorin tuƙi na haɗin gida

Jirgin ruwa mai inji da ke gudun kilomita 15 a awa yana cin mita huɗu da ɗan ɗoriya a kowane sakan. Idan lambar zurfi da matuƙi ke kallo a allo ta makara da sakan takwas, to zurfin wurin da ya baro da mita talatin da wani abu yake karantawa. A kogin Isa, wato kogin Neja, nan Yamai, cikin Afrilu da Mayu da ruwa ke janyewa yashi ya fito fili daga Gudel har Saga, wannan tazara ta isa ta raba mashiga mai kyau da tudun rairayin da zai kafe jirgi ya lanƙwasa farfela.

Na'urorin da nake magana a kai na haɗin gida ne, irin waɗanda masu ƙananan jiragen teku a Turai da Amurka suka daɗe suna harhaɗa wa kansu don gudun tsadar na kamfani. Kayan ba su da yawa: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, wadda ta fara fita kasuwa a Birtaniya a 2012, da GPS, da na'urar auna zurfi, wani lokaci da kamfas na lantarki, sai manhajar taswira ta kyauta irin OpenCPN, da waya ko tablet da matuƙi zai riƙa dubawa ta wifi. Matashin da ya ƙware a gyaran waya zai iya haɗa su, kuma ga mai jigilar kaya tsakanin Yamai da Say, ko mai kai baƙi kallon dorina wajen Bubon, ko ɗalibin da ke auna yadda yashi ke cike kogi, abin yana da rana. Sai dai da an sa shi a ruwa, ƙorafin farko shi ne allon yana bin jirgi a baya. An karya kwana tuni, alamar jirgin a taswira tana nan tana tafiya miƙe.

Da an ga haka sai a ɗora wa kwamfuta laifi, a ce ba ta da ƙarfi. A sayo babba, makarar tana nan daram. Bayanan tuƙi ba su da nauyi ko kaɗan. Duk abin da GPS zai faɗa a awa guda da ƙyar ya kai nauyin hoto ɗaya na waya. Abin da ke faruwa shi ne a wani wuri kan hanya tsofaffin lambobi sun yi jerin gwano, sabuwa kuma ba ta wucewa sai sun wuce. A ganina, a cikin jirgi lambar da ta makara ta fi wadda ta ɓace haɗari. Matuƙin da ya ga allo babu komai zai sassauta inji ya ɗauki gwangwala ya taɓa ƙasa. Wanda ya ga an rubuta mita biyu da rabi kuwa wuta zai ƙara.

Yawancin waɗannan na'urori suna magana da juna ta wani tsari mai suna NMEA 0183, wanda ƙungiyar masu kayan lantarkin jiragen ruwa ta Amurka ta fitar a 1983. Rubutu ne zalla, layi-layi, kowane layi jimla ce da ke farawa da alamar dalar Amurka, kuma ba ta wuce haruffa 82. Ga yadda na'urar auna zurfi ke faɗin nata: $SDDPT,2.4,0.3*52. Wato mita 2.4 daga kan na'urar zuwa ƙasan kogi, santimita 30 daga kan na'urar zuwa saman ruwa, sai lambar ƙarshe da ake tantance ko jimlar ta iso ba tare da ta gurɓace ba. A duba abin da babu a ciki: babu lokaci. Jimlar ba ta faɗin yaushe aka yi awon. Ko ta daɗe a hanya, manhajar da ta karɓe ta a matsayin sabuwa za ta ɗauke ta.

Saurin asali na wannan tsari bit 4,800 ne a sakan. Kowane harafi yana cin bit goma idan aka haɗa da na buɗewa da na rufewa, saboda haka haruffa 480 kaɗai ke wucewa a sakan, dogayen jimloli shida ko bakwai ke nan. A 1983 wannan ya wadatar. GPS na yau kuwa surutu gare shi. Bayan jimlar RMC, wadda ke ɗauke da abin da matuƙi ke bukata, wato wuri da gudu da inda aka dosa da lokaci, yana kuma zubo GGA da GLL da VTG, waɗanda galibi maimaici ne, sannan ga GSV mai lissafa taurarin ɗan'adam da yake gani, huɗu-huɗu a kowace jimla. A da taurarin Amurka kaɗai ake kamawa. Yanzu ƙaramar na'ura mai arha tana kama GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, a fili irin na tsakiyar kogi ta ga talatin ko fiye, jimlolin GSV kaɗai su kai takwas ko tara a kowane sakan. Su kaɗai sun cika hanyar kafin zurfi ya samu wurin shiga.

A ce abin da ke shigowa mahaɗar da ke tattara na'urorin haruffa 600 ne a sakan, ƙofar fita kuma 480. Rarar 120 ɗin ba ta ɓacewa, taruwa take yi a ma'ajiyar jira. Idan ma'ajiyar tana ɗaukar haruffa 4,096, girman da aka saba samu a Linux, babbar manhajar da Raspberry Pi ke aiki da ita, cikin sakan 34 ta cika. Daga nan duk jimlar da ta shigo sai ta jira waɗanda ke gabanta su fita, sakan takwas da rabi cur. Wannan ne ya sa mai haɗa kayan zai gwada a bakin gaɓa ya ga komai lafiya, domin a rabin mintin farko layin bai yi tsawo ba. Sai an shiga ruwa an yi nisa abin ya bayyana.

Mu mutanen Yamai mun san wannan a jikin kogin kansa. Ruwan da ke sauka a tsaunukan Gine da damina ba ya iso mana sai Disamba ko Janairu, ana tsakiyar ɗari, domin sai ya fara cika babbar fadamar Mali da ta shimfiɗu daga kewayen Mopti har kusa da Tumbuktu kafin ya tsiyayo. Wanda ya ga baƙin ruwa ya tumbatsa ƙarƙashin gadar Kennedy a Janairu ya ce ana ruwan sama a Gine, ya yi kuskure da watanni. Jan ruwan Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina, shi ne mai zuwa da labarin kwanan nan, don babu fadamar da ta tsare shi. Babbar ma'ajiya tana hana asara, amma tana tsufar da labari, kuma mu labarin muke nema.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. A shiga saitin GPS a kashe jimlolin da ba a amfani da su. Na'urorin GPS na kamfanin u-blox suna barin a zaɓi wace jimla za ta fito da kuma sau nawa. GSV ta fito sau ɗaya a sakan goma ya isa, taurarin ba sa sauya wuri da garaje. A ɗaga saurin hanyar zuwa 38,400 ko 115,200 idan ɓangarorin biyu sun yarda. Manhajar mahaɗa irin kplex tana da matata da ke hana jimlolin da ba a so wucewa, tana kuma barin a rage tsawon layin jira. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne kada a tura kowa ta ƙofa ɗaya: GPS ya samu ramin USB nasa a jikin Raspberry Pi, na'urar zurfi ta samu nata, a haɗa su a cikin kwamfutar inda hanya ke da faɗi. Akwai tarkon da ƴan koyo ke faɗawa a nan. Sun ji cewa GPS na iya ba da wuri sau biyar ko goma a sakan maimakon sau ɗaya, sai su ɗaga shi, su bar saurin hanyar yadda yake. Surutun ya ninka, ƙofar tana nan yadda take, makarar ta ƙaru. Haka kuma a binciki kewaye, inda manhajar taswira ke mayar da abin da ta karɓa zuwa mahaɗa, mahaɗa ta sake turo mata, jimla ɗaya ta yi ta zagaye tana hayayyafa.

Ba kowace makara ce ta jerin gwano ba. Akwai wadda aka sa da gangan, kuma ita ce ta fi wuyar ganewa. Na taɓa kallon gwaji a gaɓar Gamkalle, wani matashi ya ɗaura wa jirgin wani dattijo Basarke na'urar zurfi. Suna tunkarar wani tsibirin yashi a hankali, dattijon ya zura gwangwala daga gefe, ta taɓa ƙasa ruwan bai wuce ƙugu ba. Ya leƙa wayar, tana nuna mita biyu da ɗoriya, tana saukowa kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Kai ɗana, wannan abin naka labarin ɗazu yake bayarwa." Yaron ya ce, "Baba, ka ɗan ba shi lokaci, zai daidaita." Dattijon ya zare gwangwalar yana karkaɗe laka ya ce, "Yashin ba ya ba ni lokaci." Hanyar bayanan yaron lafiya lau take. Na'urar ce da kanta take tara awo da yawa ta fitar da matsakaicinsu don kada lambar ta yi ta tsalle.

Awon da kansa ba ya ɗaukar lokaci. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a sakan cikin ruwa, saboda haka a zurfin mita uku amo yana zuwa ƙasa ya dawo cikin milisakan huɗu, wato kashi huɗu cikin dubu na sakan. Amma kumfar farfela da kifi da ciyawar ruwa suna mayar da amon ƙarya, shi ya sa masu ƙera na'urar suke sa ta laushe lambar. A teku, inda ƙasa ke tasowa a hankali, babu laifi. A koginmu, inda tudun yashi kan miƙe tsaye ta gefen da ruwa ke gangarawa, lausasawar sakan biyar ta yi yawa. Abin takaicin shi ne a kan samu lausasawa hawa-hawa: na'urar ta yi nata, manhajar da ke tattara bayanai a kwamfuta ta yi nata, OpenCPN ma tana da wurin tace gudu da alkibla, kowanne yana ƙara sakan biyu ko uku, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. A zaɓi wuri ɗaya a bar tacewa a can, gajeriya, a kashe sauran. Lambar za ta ɗan yi rawa. Matuƙi yana sabawa da rawar lamba cikin yini guda, idonsa ya koyi ɗaukar mafi ƙanƙanta.

Kibiyar da ke nuna inda jirgi ya dosa ita ma tana ruɗa mutane. GPS bai san inda hancin jirgi ke kallo ba. Daga motsi yake gano alkibla, dole sai jirgi ya tafi kafin ya ce ga inda aka nufa, kuma idan gudun ya yi ƙasa sosai sai kibiyar ta kama juyi. Ga kuma igiyar ruwa. Mai tsallakawa daga Harobanda lokacin cikar kogi hancin jirginsa sama yake kallo, amma jirgin a karkace yake tafiya, kibiyar GPS kuma tafiyar take nunawa. Wannan ba makara ba ce, ko an gyara hanyar bayanai ba zai sauya ba. Kamfas na lantarki mai ba da alkibla sau goma a sakan shi ke magance shi, da sharaɗin a nisanta shi da inji da batir da lasifikar rediyo, kuma a tuna jimlolinsa goma a sakan su ma suna cin wuri a hanya.

Sai maganar wifi, inda ake yawan zargi, wani lokaci da gaskiya. Ana iya tura jimlolin daga kwamfuta zuwa waya ta hanyoyi biyu, TCP ko UDP, galibi ta ƙofa mai lamba 10110. TCP ya yi alkawarin komai zai iso kuma bi da bi. Idan saƙo ɗaya ya ɓace, duk na bayansa sai su tsaya har a sake turo shi. Idan wayar ta yanke na sakan biyar saboda wani ya gitta da buhu ko matuƙi ya koma bayan inji, mai turawa yana tara komai, da ta dawo ya juye mata tsofaffin wurare, ka ga alamar jirgi ta tsaya cik sannan ta zabura a guje. Ga aika fayil wannan hali ne mai kyau, kuma jerin wuraren da aka tsara bi ko rajistar tafiya ta nan ya kamata su bi. Ga lambar da ke sauyawa kowane sakan kuwa bai dace ba. UDP ba ya waiwaye, abin da ya faɗi ya faɗi. Tunda kowace jimlar RMC cikakkiya ce da kanta, ɓatan ɗaya ba komai ba ne, wata na tafe.

Amma UDP ɗin ma yana da nasa ramin. Mutane sun fi son su watsa shi ga duk wanda ke kan wifi, don ba sai an rubuta adireshin kowace waya ba. Saƙon gayya a wifi ana tura shi da mafi ƙarancin sauri, babu mai amsa cewa ya karɓa, kuma idan akwai ko da waya ɗaya da ke gyangyaɗin tattalin batir, akwatin wifi yana riƙe saƙon har lokacin da ya saba tashinta. Yana buga sanarwarsa duk bayan milisakan 102 da ɗigo 4, tashin kuma kan zo a kowace sanarwa ko duk bayan biyu ko uku, jira na kusan sulusin sakan ke nan. Wasu wayoyin Android ma watsi suke yi da irin wannan saƙo idan allo ya mutu. Gara a ba wayar matuƙi adireshi tsayayye a tura mata kai tsaye, a kashe tattalin wuta na wifi a jikin Raspberry Pi. Idan allon a kafe yake wuri ɗaya, a ja masa waya kawai a huta; mita biyar na kebul sun fi kowace dabara.

Abin da zai fi faruwa a jirgin fasinja shi ne wani ya roƙi lambar sirrin wifi. Idan an jona wa tsarin intanet ta waya, bidiyo ɗaya da ake aikawa ta WhatsApp ya isa ya cika layin jira na akwatin, jimlar zurfi ta tsaya a bayansa. Masana sun daɗe da sanin wannan ciwo na kumburin ma'ajiya. Masanin kwamfuta Jim Gettys ne ya yayata shi wajen 2010, kuma tun 2012 Linux ke da tsarin fq_codel mai barin ƙananan saƙonni su tsallake manya. Yana taimakawa. Hana lambar sirrin ya fi taimakawa, ko da za a ce matuƙi ya cika rowa.

Akwai ƙananan jinkiri da masu son fasaha ke ɓata dare a kansu. Na'urar kamfanin FTDI mai mayar da tsohon kebul ɗin bayanai zuwa USB tana riƙe haruffa milisakan 16 kafin ta miƙa. Dabarar da John Nagle ya kawo a 1984 ta tara ƙananan saƙonnin TCP kafin turawa tana iya jawo jiran milisakan 40 zuwa 200. Duka ana iya gyara su, kuma ga mai injin tuƙi mai sarrafa kansa suna da muhimmanci. Ga jirginmu mai mita huɗu a sakan, milisakan 16 santimita bakwai ne. Wanda ya duƙufa a kan wannan alhali tacewar sakan biyar na zaune a na'urar zurfi ya bar jaki yana dukan taiki.

Za a ce me ya hana a koma NMEA 2000 gaba ɗaya. Tsari ne da aka gina kan hanyar CAN da kamfanin Bosch ya ƙirƙiro wa motoci a shekarun 1980, yana tafiyar bit 250,000 a sakan, ninki hamsin da ɗoriya na tsohon, kuma saƙo mai muhimmanci yana riga maras muhimmanci shiga. Yana da kyau. Yana da tsada kuma, yana bukatar rizisto mai om 120 a kowane ƙarshen babbar wayar, in aka auna a ga 60, in ba haka ba saƙonni su yi ta lalacewa ana sake turo su. Ga jirgi mai na'urori uku ban ga dalilin kashe wannan kuɗi ba. Kuma duk wanda ya saye shi sannan ya mayar da bayanan zuwa tsohon tsari ta ƙofar 4,800 ya dawo inda ya fara.

Abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole, shi ne zafi. Raspberry Pi 4 tana rage saurin kanta da ta kai digiri 80. A Afrilun Yamai iska kanta tana haura 40, sai kuma a kulle kwamfutar cikin akwatin roba don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye a rana. Da hantsi komai lafiya, da azahar taswira ta fara jan ƙafa, musamman idan hoton tauraro mai nauyi ne kuma an sa shi yana juyawa tare da jirgi. Akwatin ƙarfe mai shan zafi, a inuwa ƙarƙashin benci, ya fi fanka, domin ƙurar hunturu ba ta barin fanka ta yi tsawon rai. Wuta ma haka. Kwamfutar tana son volt 5.1, tana kuma rage gudu idan ya faɗi ƙasa da 4.63, abin da cajar mota mai arha da siririn kebul ke jawowa, balle lokacin tayar da inji in batir ɗaya suke sha. Umarnin vcgencmd get_throttled da ake rubuta wa Raspberry Pi yana faɗin ko ɗaya daga cikin biyun ya faru tun da aka kunna. In ya amsa 0x0, a nemi matsalar a wani wuri. Katin memori maras kyau shi ma yakan daskarar da komai na ɗan lokaci idan ana rubuta masa rajista ba ƙaƙƙautawa.

Duk wannan ba a gane shi da hasashe, sai an auna, kuma kayan awon suna aljihu. Bidiyon waya yana ɗaukar hoto 30 a sakan. A riƙe kamfas a hannu kusa da allo, a juya shi farat ɗaya ana ɗauka, sannan a ƙirga hotuna nawa suka wuce kafin lambar ta motsa. Jimlar RMC tana ɗauke da lokacin duniya, agogon Nijar yana gabansa da awa ɗaya cif, don haka a buɗe tagar da ke nuna ɗanyun jimloli a gwada sakan ɗinsu da agogon waya. A yi wannan da kunnawa, a sake bayan minti goma, a sake da rana tsaka. Yanayin makarar yana tona asirin mai laifi: wadda ke ƙaruwa bayan kunnawa ta jerin gwano ce, wadda ke nan daidai tun farko ta tacewa ce, mai zuwa tsalle-tsalle ta wifi ce, mai jiran azahar ta zafi ce.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne a ɗaga kan na'urar zurfi daga ruwa, ko a zare wayarta, a ga me allo zai yi. Idan ya ci gaba da nuna lambar ƙarshe shiru, kada a yarda da shi. Ya kamata bayan sakan biyu ko uku lambar ta goge ko ta canza launi. Signal K, tsarin bayanai da ke zuwa cikin OpenPlotter, kunshin manhajojin tuƙi na Raspberry Pi, yana buga wa kowace lamba hatimin lokaci, don haka allo zai iya sanin shekarunta, kuma zai iya neman a turo masa da zarar ta sauya maimakon jiran zagayen sakan. Sai dai ga jimla irin DPT ta zurfi hatimin na lokacin da ta iso kwamfuta ne. Jiran da ta yi kafin nan ba ya cikin lissafi, shi ya sa gyaran ƙofar farko bai zama zaɓi ba.

Ko an share duk wata makara, akwai wadda tsawon jirgi ke kawowa. Kan na'urar zurfi a baya ake ɗaura shi, don gaba yana ɗagawa yana shan kumfa. A jirgi mai mita 15 da ke wannan gudu, hanci ya riga na'urar isa wurin da sakan uku da rabi. Lambar ba ta nuna abin da ke gaba, yadda ƙasa ke tasowa take nunawa, saboda haka ƙararrawar ƙarancin ruwa a sa ta da rara mai yawa, a kuma rage gudu da ta yi kuka. Dutse ɗaya tilo, ko taru, ko dorina, wannan aikin idon yaron da ke zaune a gaba ne.

Makarar da ta fi kowacce tsawo tana cikin taswirar. Hoton tauraron da aka sauke wataƙila an ɗauke shi shekara biyu da suka wuce, a wani watan daban, kuma zurfin da jirgi ya rubuta a tafiyar Janairu ba shi ne na Mayu ba. Kogin da ya daina gudu a Yamai a Yunin 1985 shi ne ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin birnin a Satumban 2020, ya haura jan layin gargaɗi na 620. Hukumar Kula da Kogin Isa ta ƙasashe tara, wadda hedkwatarta ke nan Yamai, tana bibiyar wannan ma'auni. Duk ranar da aka rubuta zurfi a rubuta tsayin ma'aunin a sunan fayil ɗin. Idan an samu mita uku a wata mashiga ranar da ma'auni ke 500, yau kuma yana 300, a cire mita biyu, saura ɗaya. Lissafin yana aiki ne a kusa da birni kawai, kuma hanyar da aka auna kafin jan ruwan bara sai an sake bin ta a hankali, da gwangwala a hannu, kafin a yi gudu a kanta.